Kalmar da Na Buga wa Ladan Mu'azu

Kwanan baya na bi ta gaban shagunan nan na bakin kotu, inda samari ke buga wa mutane takardu da kwamfuta, na tsaya shan inuwa. Ina ji wani ya karɓi koken wata dattijuwa, bai ko bari ta kai aya ba ya ce, "Mama, akwai irinta a ciki, suna kawai za mu canza." Kafin minti biyar ya miƙa mata takarda, ta biya, ta tafi tana sa masa albarka. Da na yi magana sai suka yi mini dariyar nan ta ladabi, suka ce ai sana'armu ta da bugu ce kawai, yanzu kuwa inji ya hutar da kowa. To ku matso ku ji abin da kalma ɗaya ta kusa jawo wa mutum goma, kuma da hannuna na buga ta.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina rubuta wa mutane takardu a birnin Katsina, a gindin wani durumi da ke kallon ƙofar kotun alƙali. Sunana Lawal, amma in ba ka ce Lawal Tafireta ba babu wanda zai nuna maka ni. Kayan aikina duka ana ɗaure su a bayan keke ɗaya: tebur mai gurguwar ƙafa da nake tokarewa da gutsuren bulo, tafireta, farar takarda, kabon, ambulan, kan sarki, reza ta kankare kuskure, tsohon buroshin haƙori na wanke haruffa, da ɗan gwangwanin tawadar dangwale. In ribon tafiretar, wato zirin ƙyallen tawadarta, ya bushe ba a yar da shi, ɗigon kananzir ake sa masa ya ƙara kai ka mako biyu. Ita kuwa tafiretar, Bature ya ƙera ta don harshensa, ba ta san ƙa da ɗa da ɓa ba. Sai ka gama bugu ka bi layi-layi da alƙalami kana yi wa haruffa lanƙwasa. Ranar da ka yi gaggawa ka tsallake, sai ka tura mutum gaban alƙali ya ce ya kawo kara, a tambaye shi na dawa ne ko na gero.

Maigidana a sana'ar shi ne Malam Garba Akawu, tsohon ma'aikacin En'e, wato hukumar sarki ta zamanin Turawa, mafaɗaci na gaske. Shekara guda cur na yi a gefensa bai bar ni na taɓa tafireta ba, aikina kawai in saurara. Wata rana wani bawan Allah ya zo yana huci, ya ce maƙwabcinsa ya sace masa jaki. Malam Garba ya ce ya sake faɗa. A ta biyu sai ga shi ba sata ba ce, aro ne aka ƙi mayarwa. Malam ya sa aka damo masa fura ya sha, ya ce to ya ƙara maimaitawa. A ta uku jakin nan ya zama jingina, akwai fam biyu a kansa da mai ƙarar bai biya ba. Da mutumin ya tafi Malam ya juyo ya ce da ni, "Ka gani ko? Ta hwarko hushi ce. Ta biyu abin da yake so a ji. Ta uku ita ce abin da ya hwaru. Kada ka buga ma kowa takarda sai ka ji ta uku." Shi ya zaunar da ni ya karantar da ni bambancin aro da kyauta, jingina da sayarwa, ajiya da bashi, domin a gaban alƙali kowace kalma da hukuncinta. Da idonsa ya yi rauni ya bar mini teburin da tafiretar, ya koma gida.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasar nan. Wanda bai ga lokacin ba, ko an ba shi labari sai ya ɗauka ƙari ake yi. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka biya su ariyas a dunƙule, masinja ya sayi babur, malamin makaranta ya sayi rediyo mai kaset yana yawo da ita a kafaɗa. Gwamnati na karɓar gonakin bakin gari tana gine-gine tana biyan diyya, mutanen da ba su taɓa riƙe naira ɗari ba suka wayi gari da dubu a ƙarƙashin tabarma. Ni ma na samu rabona. Neman kwangila, neman fili, neman lasisi, har layi ake yi mini, wata rana ko abincin rana ba na samun ci. A nan ne kaina ya fara girma, na fara ganin dokar Malam Garba ɓata lokaci ce ta zamanin da babu aiki.

Cikin wannan hayaniya wani Alhaji mai motocin tifa, wanda ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan da ransu, ya buɗe kamfanin kuɗi wajen Ƙofar 'Yandaka. Ofis ne mai shuɗin fenti, da fanka a sama, da manaja mai shaƙe wuya da laktaye ko da zafi ya kai ina. Ka kawo kuɗinka, a ba ka takardar shaida mai zanen zinariya a gefe, ba ka taɓa su sai shekara ta cika, ranar a mayar maka da su har da ƙari. Wayon da suka yi shi ne ba su taɓa furta kalmar ruwa ba. Sun san mutanen birni. 'Yan kamashonsu suka riƙa bin zaure-zaure suna cewa, "Ajiya ce kurum, Baba, maimakon gara ta ci maka su a ɗaki. In wa'adi ya cika mu ba ka abinka, mu ɗora maka ɗan goro na godiya." To ajiya da goro, wa zai ɗaga murya ya ce haram? Shekarar farko suka biya kowa, har gida ake kai wa mutum. Shekara ta biyu unguwanni suka kwashi kuɗi suka kai musu.

Ladan Mu'azu ya zo teburina wata safiyar Talata cikin bazara. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ya fi shekara ashirin yana kiran salla a wani masallacin unguwa a Ƙofar Marusa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi jikin Malam Garba, sannan ya buɗe gafakarsa ya zaro takardar nan mai zinariya daga tsakanin littattafai.

"Malam Lawal, ajiya na ba mutanen nan. Wa'adi ya cika yau wata biyu, kullum sai a ce mani manaja ya tahi Kaduna. Takalmina ya ƙare a hanyar ofishin nan."

"Nawa ne, Baba Ladan?"

"Dubu da ɗari biyu. Diyyar gonar ubana ce, ba ni da wata. Na samu wadda zan saya can gaba da Batagarawa, mai ita ya ce zai jira ni har ruwan shuka. In ruwa ya sauka ban kawo ba, akwai masu kuɗɗi a hannu suna jira."

Na buga wa kamfanin wasiƙa, shiru. Na buga ta biyu mai ɗan zafi, suka aiko da amsa cikin Turanci, layi huɗu, duk haƙuri ne babu rana. Na ce wa Ladan sai dai ƙara. Washegari ya dawo da mutum tara a bayansa, duk 'yan unguwarsa: akwai tela, akwai tsohon direba, akwai wata gwauruwa mai sayar da man gyaɗa. Dukansu sun kai kuɗi ne don sun ga Ladan ya kai. Telan ya ce, "Abin da Baba Ladan ya ce shi muka ce, a rubuta mana iri ɗaya."

Ranar nan mutum kusan ashirin ke jirana a benci da ƙasa. Sau ɗaya na saurari Ladan. Takardar shaidar ma gabanta kawai na duba, na kwafi lamba da adadi, ban juya bayanta ba. Na zura takarda da kabon na buga cewa wane ɗan wane ya ba Alhaji wane ajiyar kuɗi kaza, yana roƙon kotu ta karɓar masa ajiyarsa. Na buga wa sauran taran haka nan, suna kawai nake canzawa. Suka dangwala, suka biya, suka sa mini albarka.

Ranar shari'a na bar teburin na tsaya ta taga, kamar yadda na saba in takardata ce a ciki. Na ɗauka Alhaji zai yi musu ko ya aiko a ce ba shi da lafiya. Sai ga shi da kansa, cikin babbar riga, fuska a sake. Aka karanta ƙara, alƙali ya ce me zai ce.

"Allah shi gafarta Malam, gaskiya suka hwaɗi. Ajiya ce, amana suka ba ni. To 'yan hwashi sun tare motarmu a hanyar Kaduna sun kwashe komi. Ni ma nawa sun tahi ciki. In an ce in rantse, a shirye nake."

Alƙalin tsoho ne, ya ga irin wannan da yawa. Ya daɗe yana kallon takardata, sannan ya ɗaga kai ya dubi Ladan.

"Malam Mu'azu, ajiya ka ce?"

"Ajiya, Allah shi gafarta Malam."

"Babu wani sharaɗi tsakaninku?"

Ladan ya dubi ƙasa. "Ajiya ce."

Alƙali ya ce to shi da abin da aka kawo masa zai yi hukunci. In ajiya ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, ya kuma rantse, babu ramuwa a kansa. Ya sa ranar Alhamis ta mako uku don rantsuwa. Ni kuwa a bakin tagar nan, kafin ya rufe baki na riga na san ɓarnar da na yi.

Ku da kuke ganin bugu ne kawai, ga abin. Ajiya ita ce ka ba mutum kaya ya adana maka, bai taɓa ba, ya mayar maka da shi yadda yake. In wuta ta ci ko ɓarawo ya ɗauka ba da laifinsa ba, asararka ce, don taimakonka yake yi. Bashi kuwa ya zama nasa tun ranar da ya karɓa, ya juya shi yadda ya so, ko gobara ta cinye gidansa sai ya biya. Wanda duk ya ce zai mayar maka da kuɗinka har da ƙari, to juya su zai yi, kuma wannan bashi ne ko da wane suna aka raɗa masa. Abin da na koya tun ban taɓa tafireta ba ke nan. Na karɓi takardar shaidar telan na juya bayanta, ga shi nan da ƙananan haruffan Turanci: kamfani na da ikon sarrafa kuɗin yadda ya ga dama, zai kuma biya ruwa kaza a ƙarshen wa'adi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a sana'ata, na kuma ji haushin kaina har na kasa cin abinci.

Bayan la'asar na hau keke sai Ƙofar Marusa. Na sami Ladan a zaurensa yana ɗinkin hula. Bayan gaisuwa na ce masa laifina ne, ban yi masa tambayar da ta kamata ba, amma akwai gyara. Na fassara masa bayan takardar kalma-kalma. Na ce in muka sake ƙara muka ce bashi ne, zancen 'yan fashi ya mutu, ko gaskiya ne ko ƙarya sai Alhaji ya biya, ga tifofinsa nan suna jigilar yashi kullum.

Bai ɗaga kai daga hular ba. "Kana tsammani ban sani ba, Lawal? Na karanta babin ajiya tun ba a haihe ka ba."

Ban zo da shirin wannan ba. Ya ci gaba.

"Ranar da yaron kamfanin nan ya ce mani goro, na san ko mi ne ne. Zuciyata ta hwaɗa mani, na danne ta. Yanzu so kake in tsaya gaban alƙali, gaban mutanen da nake tashi da asuba, in ce ni Mu'azu na ba da rance da ruwa? Gara gonar ta tahi."

"Baba Ladan, ba taka kaɗai ba ce. Mai man gyaɗar nan jarinta ke nan duka."

"Su je su hwaɗa da bakinsu."

"Ba za su hwaɗa ba sai ka hwaɗa. Kai suka bi suka shiga."

Ya soke allurar a jikin hular, ya ce lokacin magariba ya gabato, yana da aiki. Korar mutunci ke nan, na tashi.

Ban bari ba. Washegari na buga sabuwar takarda da sunansa, na rubuta bashi ɓaro-ɓaro, na ƙara da cewa mai ƙara uwar kuɗinsa kawai yake nema, ya yafe duk abin da aka ce za a ɗora. Na ninke ta na sa a aljihun gaba. Na bi sauran taran gida-gida. Direban ya ce in fita masa daga zaure, shi bai taɓa cin haram ba. Telan ya ce ya ji, amma ba zai riga Ladan magana ba. Mai man gyaɗar ta yi ta kuka ta bayan labule, ta ce ita wallahi goro aka ce mata. Kafin mako ya zagayo zance ya cika birni cewa Lawal Tafireta na bin dattawa yana ce musu masu cin riba. Bencin da ake rububinsa ya koma wurin kwanan awaki. Wanda ya zo ma sai ya ajiye takardarsa ya ce zai dawo, don kada a gan shi zaune da ni.

Cikin mako na biyu manajan nan mai laktaye ya tsaya da mota a gindin durumina. Ya ce Alhaji na neman akawu mai jin Turanci, albashin ya ninka abin da nake samu sau uku, da babur a kai. Na ce ya gaishe da Alhaji, ina da aiki a hannu ban gama ba. Ya ce in yi tunani, tebur a bakin titi ba shi da wuyar ɗaukewa. Na ce haka ne, shi ya sa kullum nake tafiya da shi gida. Ba jarumta ba ce, tsoro na ji sosai, amma takarda goma da na ɓata suna gaban alƙali da sunana a ƙasansu, kuma na ƙudura ko zan bar sana'ar sai na gyara.

Sau shida na koma wurin Ladan. Wata rana ya karɓe ni, wata rana a ce mini ya fita alhali ga takalminsa a bakin ƙofa. Na kawo masa duk hujjar da na sani. Na ce shi ya fi ni sani cewa wanda ya tuba uwar kuɗinsa halal ɗinsa ce. Na ce abin da aka riga aka yi, Allah ya gani ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Sai ya ce, "Allah yana yafewa, Lawal, mutanen Ƙofar Marusa ne ba su mantuwa." A zuwa na shida hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, muka tsaya mu biyu muna kallonsa. Na zaro takardar na ajiye masa a kan tabarma. Ya tura mini ita da yatsa, na mayar aljihu.

Ranar Alhamis kotu ta cika har waje. Na tsaya a tagata da takardar a aljihu, ta yi laushi saboda gumi. Mutum goman na zaune a gaba, Ladan a tsakiya, ya rame. Alhaji ya fita ya yi alwala a gaban kowa, ya dawo yana goge gemu. Ma'aikacin kotu ya kawo Alƙur'ani a naɗe cikin farin ƙyalle. Alƙali ya yi wa Alhaji nasihar da ake yi wa mai rantsuwa, ya faɗa masa lafazin da zai maimaita: cewa ajiya ce a hannunsa, bai taɓa ta ba, ta kuma salwanta ba da sakacinsa ba. Alhaji ya ce ya ji, ya miƙa hannu.

"Kada shi taɓa!"

Ladan ne ya miƙe tsaye. Maganar ta fita sarai.

"Allah shi gafarta Malam, kada a bar shi shi ɗora hannu. Ƙaryar da zai rantse a kanta ni na hwara yin ta, ni na shimfiɗa mashi. Ba ajiya ba ce. Bashi na ba shi, da sharaɗin ƙari, kuma na san ruwa ne tun ranar da na kai. Waɗannan da ke bayana ba su sani ba, ni suka gani suka bi. Na tuba ga Allah. Ba ni son ko kwabo a kan abin da na bayar."

Kotu ta ɓarke da surutu har sai da aka tsawatar. Alƙali ya ce a mayar da Alƙur'ani. Ya tambayi Ladan ko yana da wannan magana a rubuce. Ladan bai juyo ba, ya miƙo hannu ta baya wajen taga, don ya san ina nan. Na miƙa takardar, aka bi da ita hannu-hannu har tafin hannunsa. Aka kawo tawada ya dangwala. Sai telan ya tashi ya ce shi ma bashi ne. Mai man gyaɗar ta faɗa daga cikin mayafinta. Direban ne na ƙarshe, ya faɗa kamar ana zare masa haƙori, amma ya faɗa. Alƙali ya sa aka karanta bayan takardar shaidar aka fassara, ya tambayi Alhaji ko hatimin kamfaninsa ne a jiki. Alhaji ya nemi ya ce wani abu game da 'yan fashi, alƙali ya ce wannan kuma tsakaninsa da su ne, bashi ba ya faɗuwa don an yi wa mai cinsa sata. Ya yanke a biya kowa uwar kuɗinsa, babu ƙarin kwabo, in babu kuɗi a hannu a sayar da tifa biyu.

A yinin nan na buga takarda tara, kowace sai da na ji mai ita sau uku, ko da yake na san labarin kamar tafin hannuna. Ban karɓi ko sisi ba.

Sayar da tifa ba abin kwana biyu ba ne, ruwa kuma ba ya jiran kotu. Kwana huɗu da hukunci aka yi ruwan shuka. Da gari ya waye na ɗaure tafireta a bayan keke, na ɗauki kwafin hukuncin, na bi taɓo har gaba da Batagarawa wurin mai gonar. Na same shi da wani ɗan kwangila da ya zo da kuɗi a jaka. Na karanta masa hukuncin, na sake karantawa, na nuna masa hatimi. Ya yi ta juya hula a kansa. Daga ƙarshe ya ce ya ji abin da dattijon nan ya yi a kotu, mutumin da ya faɗi wannan a kan kansa ba zai ci masa kuɗi ba. A kan turmi na ɗora tafiretar na buga musu yarjejeniya: an sayar wa Mu'azu gona, ya shiga ya yi shuka, kuɗinta bashi ne a kansa har ranar da kotu ta miƙa masa nasa. Bayan mako bakwai aka biya shi, a ranar ya kai wa mai gonar.

Amma abin da Ladan ya ji tsoro bai fasa zuwa ba. Wasu dattawan unguwa suka je wurin liman suka ce ba ya kyautuwa wanda ya amsa cin riba a bainar jama'a ya ci gaba da kiran salla. Cikin masu faɗar har da waɗanda na san sun karɓi nasu goron a shekarar farko sun yi shiru. Liman ya so ya kare shi, Ladan ya ce a bari, ya miƙa makullin masallaci da kansa. Ni ma shekarar ba ta yi mini daɗi ba, sai da kaka ta wuce kafin mutane suka fara dawowa bencina.

Cikin tsakiyar daminar shekarar na je gonar na same shi yana noman farko. Geron ya ɗan makara amma ya kama. Na tsuguna na gaishe shi, na ce ya yafe mini, ni na matsa masa har ya rasa abin da ya fi shekara ashirin yana yi.

Ya dogara da hauyarsa yana share gumi. "Kai ba ka raba ni da komi ba, Lawal. Shekara guda ina kiran salla ina jin kamar an shaƙe mani wuya, babu wanda ya sani sai ni. Tashi, rana ta yi."

Ya zuba ruwa daga gora muka yi alwala. Na ɗauka haka nan za mu tayar mu biyu. Sai na ga ya hau kan kunya, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne, ya kira salla da iyakar muryarsa a tsakiyar gonar da ya saya. Kafin ya gama, manoma uku daga gonakin gefe sun ajiye hauya sun taho, ɗayansu na tambayata ko wannan malamin zai riƙa zuwa kullum.